Gargaɗi kan injin da ake cewa yana mayar da shara man dizal

Assalamu alaikum iyayenmu manoma, da 'yan uwa masu tarakta da masu baburan ban ruwa, daga Gadarif da Kasala har Mai Wurno da Damazin. Mu da muke wannan rubutu aikinmu ke nan, gyaran injin dizal da sarrafa mai, don haka ku ba mu aron kunne kafin wani ya taɓa kuɗin ridinsa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 matatar mai ta Jaili ta fita daga aikinta na da, jaz, wato man dizal, ya zama abin nema ruwa a jallo, musamman idan damina ta kawo kai. A wannan ƙuncin ne wasu suka samu ƙofa. Suna yawo da bidiyo a WhatsApp da Facebook: wata tukunyar ƙarfe mai bututu, a zuba mata kashin shanu da ɓawon gyaɗa da karan dawa da ragowar abinci, bayan 'yan mintuna a buɗe famfo, mai ya zubo garai-garai, a ɗura wa janareta ya tashi. Sai tayi ya biyo baya. Ko ka sayi injin gaba ɗaya, ko ka sayi hannun jari a "masana'antar" ana ba ka riba duk wata, idan ka kawo ɗan uwanka kuma a yanka maka kaso. Kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya, ake tura su, zuwa asusun mutum ɗaya, ba na kamfani ba. Idan aka matsa da tambaya, sai a ce injinan suna Port Sudan kwastam ya riƙe, a ƙaro na fitarwa.

Abin da ya sa yaudarar take shiga shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Ana iya fitar da wani irin mai daga itace da ciyayi da dattin dabbobi. Amma man nan ba dizal ba ne, kuma yawansa bai kai ko kusa da abin da suke faɗa ba.

Ku ɗauki biro mu yi lissafi. Ragowar abinci da ɗanyen kashin shanu, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nasu ruwa ne. Tan ɗaya, wato kilo 1,000, idan ya bushe ƙayau abin da zai saura kusan kilo 250 ne. Kowane kilo na busasshen abu irin wannan yana ɗauke da ƙarfin zafi kamar megajul 18, jimla 4,500 ke nan. Litar dizal ɗaya tana da kimanin 36. Ka raba, za ka samu lita 125. Wannan idan ba a yi asarar ko ɗigo ba, abin da babu injin da ya taɓa yi a duniya. Sannan kafin ka ƙafar da ruwan nan kilo 750 sai ka ƙone abin da ya haura ƙarfin lita 50 na dizal. To mai ce maka tan ɗaya na shara zai ba ka duro biyu ko uku, tambaye shi daga ina sauran suka fito. Inji ba ya ƙirƙiro abin da ba a zuba masa ba.

Hanyar da aka sani ita ce gasa busasshen abu a rufaffiyar tukunya ba tare da iska ba, masana suna ce mata fayirolisis. Don a samu mai da yawa sai an busar da kayan har danshinsu ya sauka ƙasa da kashi 10, an niƙa su kamar tsaki, milimita 2 zuwa 3, an watsa su cikin zafin digiri 500, sannan a sanyaya tururin cikin daƙiƙa biyu. Manyan masana'antu masu yin haka da tsabtataccen katako suna samun kashi 60 zuwa 70 na nauyinsa. Tukunyar da maƙeri ya haɗa, wadda take ɗaukar zafi sannu a hankali, ruwan da take bayarwa bai cika wuce kashi 30 ba, mafi yawansa kuma ruwa ne mai tsami da kwalta. Sauran gawayi ne da hayaƙi.

Shi kansa man na gaskiya, ga kamanninsa. Baƙi-baƙi ne kamar gahawa mai kauri, yana warin ƙauri irin na tukunyar da ta kama. Kashi 15 zuwa 30 nasa ruwa ne. Tsaminsa ya kai na khal, wato binega, ma'aunin tsami yana nuna 2 zuwa 3, yana cin baƙin ƙarfe. Ƙarfin zafinsa kilo da kilo bai kai rabin na dizal ba. Idan ya jima a ajiye, balle a zafin Gadarif na watan Afrilu, sai ya yi kauri ya rabu. Wanda ya zuba shi a tankin tarakta, filtar mai ce za ta fara toshewa, tsamin ya ci cikin famfon injekta, bakin nozul ya daskare da kwalta, robobi su kumbura su saki. Kuɗin famfon injekta ɗaya yau kun fi mu sanin abin da yake yi wa aljihun manomi. A Holan akwai masana'antar Empyro a garin Hengelo da ta fara aiki a 2015, kuma man da take yi a tukunyar tururi ta wani kamfanin madara aka riƙa ƙona shi, ba a mota ba. Kafin ya zama na mota sai an sake sarrafa shi da iskar haidurojin ƙarƙashin matsi mai tsanani, aikin matata sosai.

Saboda haka idan kun ga abin da ya zubo daga famfon nan fari ne tas, yana ƙamshin jaz, janareta ya sha bai yi tari ba, to jaz ɗin ne, zuba shi aka yi. Wani lokaci tukunyar tana da bango biyu da ƙaramin tanki a tsakani. Wata dabarar ta fi wannan wayo: sai a ce injin yana buƙatar "man farawa", a cika cikinsa da baƙin man da aka juye daga mota, a ɗan barbaɗa shara a kai. Baƙin mai idan ya ji wuta yana ba da tururin da ke komawa ruwa mai kama da dizal. Man da kuka gani na baƙin man ne, sharar gawayi kawai ta zama. Har da wani "garin sirri" da za a ce dole ka riƙa saya a wurinsu duk wata, wanda ba sa faɗin sunansa.

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ku cika gorar lita ɗaya ku ɗora a sikelin mai shago: dizal zai ba da gram 830 zuwa 850, man itace kusan kilo ɗaya da gram 200. Ku ɗiga shi a kofin ruwa, dizal yana tasowa sama, wancan yana nitsewa ya gurɓata ruwan. Ku haɗa shi rabi da rabi da jaz a kwalba ku girgiza ku ajiye, man itace ba ya gauraya, zai kwanta ƙasa. Idan kuma ana son a gwada injin ne, ku ce ku za ku kawo sharar, ku auna ta, a buɗe kowane murfi ku leƙa da tocila, a yi aiki yini guda cur a gabanku, ku rubuta yawan gas ko wutar da aka ci wajen zafafa shi. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Na ƙarya zai ce sirrin kamfani ne, ko injiniyan ya yi tafiya.

Wasu sun iya baki, za su ce nasu injin jiƙaƙƙiyar shara yake ci, ba sai an busar ba. Irin wannan fasahar ma akwai ta, ana dafa dattin cikin ruwa a zafin digiri 300 zuwa 350, da matsin da ya ninka iskar tayar ƙaramar mota kusan sau ɗari. Ba aikin walda a bakin kasuwa ba ne, tukunyar da ba a yi ta don haka ba bam ce. A Amurka kamfanin Changing World Technologies ya zuba miliyoyin daloli ya gina irinta a garin Carthage na jihar Missouri, dab da mayankar talo-talo, an tsara ta ta ci sama da tan 200 na hanji da kitse da ƙashi a rana ta ba da ganga kusan 500. Kayan nan maiƙo ne da su sosai, kuma a bakin ƙofa suke. Duk da haka kuɗin yin gangar ya yi yawa, a ƙarshen 2005 gwamnan jihar ya sa aka rufe ta na ɗan lokaci saboda wari, a 2009 kamfanin ya bayyana karyewa.

Injinan gasa tsofaffin tayoyi da robobi kuwa na gaske ne, ana shigo da su, suna ba da mai kashi 35 zuwa 45 na nauyin taya. Amma taya ba kashin shanu ba ce, asalinta akwai man fetur a ciki. Man nata yana da farar wuta da yawa, yana kama wuta da wuri fiye da dizal, wurinsa murhun masana'anta ne. Idan robar bututun ruwa ta PVC ta shiga, tururi mai guba ke fita yana cin ƙarfe da huhu. Buɗe murfin tukunyar tun ba ta huce ba yana jawo fashewa. Dillalin da ya nuna maka bidiyon injin taya ya ce karan dawa ma haka zai yi, ya cuce ka.

Mai dabbobi da yake son cin moriyar kashinsu, ramin gas na girki ya fi masa, kilo ɗaya na ɗanyen kashin saniya yana ba da kusan lita 40 na gas. Ɓawon gyaɗa da karan auduga a yi gawayin matse da su. Tsohon man suyar ɗa'amiyya, ƙosan Sudan, shi ne abin kicin da ke zama man inji cikin sauƙi: lita ɗaya ta man, da mililita 200 na sinadarin metanol, da gram 3.5 na soda mai ƙuna, a ƙara gwargwadon tsamin man, a juya awa ɗaya a digiri 55, a bari ya kwanta, a wanke. Metanol yana makantarwa, kar wanda bai koya ba ya gwada a gida.

Kafin ku tura ko sisi, ku nemi takardar rajistar kamfanin daga Musajjil Tijari, ofishin rajistar kamfanoni, da takardar gwajin man daga hukumar Muwasafat mai kula da ingancin kaya, da bolisa, wato takardar lodin jirgin da aka ce ya ɗauko injin, mai lambar kwantena. Wanda ya riga ya tura, kar kunya ta sa shi yin shiru, kar kuma ya ƙara kuɗin "fitarwa". Ya adana hoton ish'arin Bankak, wato shaidar tura kuɗin, da saƙonnin murya da lambar asusun, ya haɗu da sauran waɗanda abin ya shafa su shigar da balagi a niyaba, wato ƙara a ofishin mai gabatar da ƙara. Zamba laifi ce a ƙarƙashin sashe na 178 na dokar laifuka ta Sudan ta 1991.