Fankar Traxxas 3340 a kan VXL-3s: tana rage zafi, amma a duba giya tukuna

Mai mota mai rimot irin Slash, Rustler ko Stampede ta VXL ya san wannan matsalar: ana cikin sheƙa gudu sai motar ta sassauta, ƙarfinta ya ragu, jar fitilar na'urar sarrafa gudu, wato ESC, ta kama ƙyaftawa da sauri. Ba lalacewa ta yi ba. VXL-3s, wato ESC ɗin waɗannan motocin, tana da kariyar zafi mataki biyu: da farko ta rage ƙarfi zuwa rabi, idan zafin ya ci gaba da hawa ta yanke wutar gaba ɗaya har sai ta huce. Don wannan ne kamfanin Traxxas ya yi fanka mai lamba 3340.

Ɗaura ta ba wuya. A cire batir, a share ƙurar da ke tsakanin fukafukan aluminiyam masu fitar da zafi na saman na'urar da burushi, a danna fankar a kansu har ta kama, sannan a soka wayarta a ramin da aka tanadar mata a jikin ESC. Babu yanka waya, babu walda. Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗaure wayar. Idan tana lilo, ko ta goga da wani abu mai juyawa ko ta shiga cikin fankar kanta.

Amfaninta ya fi fitowa inda motar ke jan wuta da yawa amma ba ta gudun da zai sa iska ta ratsa ta: cikin ciyawa, rairayi, ko yawan tashi da tsayawa. Haka kuma ga wanda ya bar batir 2S mai bolt 7.4 ya koma 3S mai 11.1. A rana mai zafin digiri 40 kuwa, fukafukan su kaɗai ba sa wadatarwa.

Sai dai fanka tana kwashe zafi ne kawai, ba ta hana shi samuwa. Zafin yana bin yawan wutar da injin ke ja, kuma idan wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Ƙaramar giyar da ke bakin injin idan haƙoranta sun yi yawa, ko an sa manyan tayoyi, ko boris ya cije da ƙasa, ko an matse ƙaramar giyar da babbar da take juyawa da yawa, duk suna sa a ja wuta fiye da kima. A nan ne ake yin kuskure mai tsada: fanka ta hana ESC yankewa, mai mota ya ɗauka an gama, alhali injin na can yana dahuwa. Injin Velineon 3500 da ke zuwa da waɗannan motocin bai kamata ya wuce digiri 93 ba, domin zafi yana kashe ƙarfin maganaɗisun da ke cikinsa, kuma ba ya dawowa.

Saboda haka a sayi ma'aunin zafi na nesa tare da fankar. A yi gudun minti biyar, a auna ESC da injin. Idan injin ya doshi 80, a rage haƙori biyu a ƙaramar giya, a sake gwadawa. Wajen daidaita giyoyin, a sa siririyar takarda a tsakaninsu kafin a ɗaure kusoshi, sannan a zare ta.

Rauninta irin na kowace ƙaramar fankar roba ne. Tsakuwa ɗaya kan karya reshe, kuma da zarar reshe ya karye sai ta kama karkarwa tana cin kanta. Busasshiyar ciyawa kan naɗe ta ta tsaya cak, ta koma murfin da ke toshe iska. A riƙa leƙa ta kafin kowane gudu, a kuma cire ta idan za a shiga ruwa ko taɓo. Ga mai 3S ta cancanci kuɗinta. Mai 2S da bai taɓa giyar da motar ta zo da ita ba, ya fara aunawa, ƙila ma ba ya buƙatarta.