H2RG, idon kyamarorin James Webb: inda ya yi zarra da inda yake ɗingishi

A cikin na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, akwai idon kyamara samfurin H2RG na kamfanin Teledyne har guda 15, goma daga ciki a kyamarar NIRCam. Kowanne fiksel 2048 ne a tsaye, 2048 a kwance, faɗin fiksel ɗaya maikiron 18 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Falle biyu aka manne: na sama, haɗin mekuri da kadmiyam da teluriyam, shi ke cafke hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, ya mai da shi cajin lantarki, na ƙasa, silikon, shi ke karanta cajin. Ɗan ɗigon ƙarfen indiyam ke haɗa kowane fiksel da ma'auninsa.

Babban abin yabonsa yadda ake karanta shi. A tsohon samfurin idon kyamara, CCD, sai an kwashe cajin kaf kafin a ga hoto. Wannan kuwa ana leƙa shi duk daƙiƙa 10.7 yana ci gaba da tara haske. In wata ƙwayar zarra mai gudu daga sararin samaniya ta faɗo masa, za a ga adadin ya yi tsalle a karatu ɗaya, a yar da wurin, a riƙe sauran. Amma fa sai da sanyi: wajen digiri 233 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, in ba haka ba zafin jikinsa ya rufe hasken taurarin.

Aibinsa na farko zane-zane ne. Ɗanyen hoto kan fito da layuka siri-siri, daga rawar wutar na'urar karatu. An bar layi huɗu na makafin fiksel a kowane gefe don a auna wannan rawa a cire, sai dai ba sa share ta duka. Mai neman dusassun taurari dole ya sake tacewa da manhaja. Na biyu ya fi ban haushi: in ya kalli tauraro mai ƙarfi, caji kan maƙale a cikin fiksel yana tsiyayowa a hankali, sai inuwar tauraron ta biyo hoto na gaba. Maganinsa tsari: a ɗan gusa na'urar tsakanin ɗauka da ɗauka, a bar mai haske sai ƙarshe.

Rukunin farko da aka ƙera wa Webb ma sun fara lalacewa tun a ƙasa, saboda indiyam ya ratsa shingensa ya gauraya da zinariyar mahaɗi. Sai da aka gyara ƙirar aka sauya su.

Ganinsa ba ya wuce hasken da tsawon zangonsa ya kai wajen maikiron 5. Abin da ya wuce nan aikin kyamarar MIRI ne, mai idon silikon da asenik, wadda ke buƙatar sanyin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.