Irin latas uku da na gwada a tsakar gida

Shekara biyu ke nan ina shuka latas a cikin buhuna da tsofaffin robobin wanki a tsakar gidanmu da ke Kano, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu abin da ya ba ni wahala kamar zaɓen iri. Da farko na ɗauka latas duk ɗaya ne, sai da na sayi iri uku daban-daban sannan na gane kowanne da halinsa.

Na fara ne da wani ƙulli marar suna da na saya a bakin kasuwa. Mai sayarwar ya ce mini, "Hajiya, wannan ɗan Jos ne, ki shuka kawai." Na shuka, na yi ta ban ruwa har kwana goma, amma abin da ya tsiro bai kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Ban zarge shi da ha'inci ba, domin ƙwayar latas ƙanana ce ƙwarai, giram ɗaya yakan ɗauki kusan ƙwaya 800 zuwa 1,000, kuma zafi yana saurin kashe ta, ga shi kuwa ƙullin ya yi kwanaki a kan faranti cikin rana. Tun daga nan ba na shuka iri sai na gwada shi. Ina jera ƙwaya ashirin a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, in ajiye a gindin randa inda sanyi yake, kuma idan bayan kwana biyar mafi yawansu ba su fito da farar saiwa ba, ba na ɓata takina a kansu.

Na biyu shi ne Great Lakes, wanda na samu a rufaffiyar fakiti mai ɗauke da kwanan wata a shagon kayan noma. Tsohon iri ne daga Amurka, an san shi tun shekarun 1940, kuma yana cikin masu dunƙulewa kamar kabeji. Wanda na shuka a watan Nuwamba ya yi kyau matuƙa, saboda sanyin daren hunturu a Disamba da Janairu shi ne abin da yake so; ganyensa ya yi kauri, yana ƙaras-ƙaras a baki. Sai dai ya ɗauki kusan wata biyu da rabi, kowane gindi yana neman fili kamar santimita 30 ta kowane ɓangare, kuma sara ɗaya ake yi masa a gama. Da na sake shuka shi a Fabrairu, zafin Maris ya riske shi kafin ya dunƙule, sai kara ya miƙe daga tsakiyarsa, ganyen ya yi ɗaci, kana tsinka shi farin ruwa kamar madara ya biyo baya. A ganina wannan iri na mai lambu ne da yake kai wa kasuwa, ko na wuri mai sanyi irin Jos.

Wanda ya kwanta mini a rai shi ne Eden, mai ganye kore shar da ɗan lanƙwasa a baki, wanda aka samar domin ƙasashe masu zafi. Na dasa shi bayan mako uku, yana da ganye huɗu, kuma kimanin wata ɗaya bayan dashe na fara tsinkar ganyen waje ina barin zuciyar. Da haka buhu shida suka wadace mu da abin haɗawa da tumatir da albasa da garin ƙuli-ƙuli har ƙarshen Maris, lokacin da ɗan'uwansa ya riga ya lalace. Aibinsa biyu ne. Kuɗinsa ya fi na sauran, kuma abin da ke cikin fakitin ya fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa muka haɗa kuɗi da maƙwabciyata muka raba, ragowar na toshe a kwalba na sa a firiji. Sannan juriyarsa ga zafi ba ta shafi tsirowa ba, domin ƙwayar latas takan ƙi tsira idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 30. Saboda haka da yamma nake shuka shi, sama-sama ba tare da na binne ba, in yayyafa ruwan randa, in yi masa inuwa da tsohuwar tabarma. Ƙwayar tana zuwa da launin maganin da aka shafa mata, don haka ina wanke hannu, ina kuma nesanta ta da yara da kaji.

Da yake latas yana yi wa kansa barbara, irin da aka tara daga jikinsa yakan ɗauko uwarsa. Na bar gindi biyu na Eden, waɗanda suka fi jinkirin miƙa kara, har suka yi 'yan furanni rawaya, suka bushe suka fitar da farin gashi kamar audugar rimi. Na karkaɗe su a ƙwarya, na sheƙe, na zuba a kwalba, kuma su zan fara jerawa a gindin randa idan Nuwamba ta kama.