Littafin Wasan Taka Rawa Da Ya Dace Ku Saya Idan Kuna Son Ayarinku Ya Ɗore

Wasan taka rawa na kan tebur, wanda mutum huɗu ko biyar suke zama kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa, jagora yana bayyana musu duniyar labarin, dayis kuma yana raba gardama idan an rasa yadda abu zai kaya, ya fara samun masu sha'awa a nan Jos, musamman a tsakanin ɗalibai. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce wane littafin ƙa'idoji za a saya, kuma tambaya ce mai nauyi, domin da dala ake sayen littattafan, kuɗin kawo su kuma wani lokaci yakan kai kuɗin littafin kansa. Ma'aunina guda ne: shin littafin yana barin ɗan wasa ya nutse cikin halin jaruminsa ba tare da ya wargaza wa sauran zama ba?

Dalilin wannan ma'auni shi ne abin da ya faru a wani zama da muke yi ranar Asabar bayan la'asar. Wani daga cikinmu, wanda ya fi kowa iya kwaikwayo, ya ɗauki jarumi ɓarawo mai son kansa, ya riƙa sace kayan abokan tafiya, yana ƙin bin ayari duk inda aka nufa, kuma da an yi magana sai ya ce, "Ai haka jarumina zai yi." Gaskiya ya faɗa, amma labarin da muka daɗe muna ginawa ya mutu, wasu kuma suka daina zuwa. Da na sake duba littafin da muke amfani da shi, sai na ga ba ya ɗauke da wata hanyar da mutum zai nuna mugun halin jaruminsa in ba a kan 'yan uwansa ba.

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, shi ne sunan da kowa ya fara ji. Bugu na biyar ya fito a 2014, an sabunta shi a 2024, kuma cikakken tsarinsa littattafai uku ne manya. A fagen faɗa yana haɗa kan mutane sosai, domin mayaƙi yana bukatar mai warkarwa, mai warkarwa kuma yana bukatar wanda zai tsaya a gabansa, amma da zarar an mayar da takobi kube sai ya bar wa jagora kusan dukkan aikin sasanta halaye. Ga shi kuma cike yake da tsafi da allolin ƙage, abin da gidaje da yawa a nan ba za su so a kan teburinsu ba. Pathfinder na kamfanin Paizo lissafinsa ya fi yawa, matsalar kuma tana nan. Vampire: The Masquerade na 1991 an gina shi ne kan makirci da cin amana, ban ba sabon ayari shawarar taɓa shi ba. Call of Cthulhu na tsoro ne, jarumai suna yawan mutuwa ko zaucewa kafin a saba da su. Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, yana da kyakkyawan tsarin taimakon juna, sai dai labarinsa na gungun masu aikata laifi ne a birnin fatalwa.

Wanda nake so, kuma ba na ɓoyewa, shi ne Fate Core na kamfanin Evil Hat, wanda ya fito a 2013. Abu na farko shi ne bai zo da tasa duniyar ba, ku ne za ku zauna ku ƙirƙira. Kuna iya yin labarin ayarin fatake da suka tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro ƙarƙashin madugu, ko na leburorin haƙar kuza a Bukuru zamanin Turawa, ba tare da kun shigar da abin da zuciyarku ba ta kwanta da shi ba. Kowane jarumi ana bayyana shi da siffofi biyar, gajerun jimloli masu kama da kirari. Ta farko tana faɗin ko shi wane ne, ta biyu kuma tana faɗin matsalarsa, misali "Hannuna ba ya ganin kayan mutane ya wuce." Sauran ukun su ne maganin ciwon da na ambata: ɗan wasa yana rubuta wani abin da ya taɓa faruwa da jaruminsa, sannan a yi musayar takardu, sau biyu, kowa ya rubuta yadda nasa jarumin ya shiga labarin wani. Kafin a jefa dayis ko sau ɗaya, ɓarawon nan ya riga ya zama wanda ɗan madugu ya taɓa ceto daga hannun dogarai, saboda haka yana da dalilin da ya fito daga cikin labarin kansa na tsayawa tare da ayari.

Abu na biyu shi ne yadda ake biyan ɗan wasa idan halin jaruminsa ya jawo matsala. Kowa yakan fara zama da maki uku, waɗanda mu muke ƙirgawa da marafan kwalba. Jagora yana iya miƙa maki ɗaya ya ce, tun da hannunka ba ya ganin kaya ya wuce, ga jakar attajirin da ya ba ku masauki a buɗe. Idan ɗan wasa ya karɓa, matsala ta faɗo, ya kuma sami maki. Idan bai so ba, sai ya biya maki ɗaya ya ƙi. Ana yin wannan tayin a fili, kowa yana ji, kowa yana iya cewa wannan zai ɓata labarin, a nemi wani. Makin da aka tara ana kashe shi daga baya don ƙara biyu a kan sakamakon jifa ko don sake jifar, kuma jarumi yana iya shirya wata dama, kamar ya janye hankalin masu gadi, ya bar wa abokinsa ya ci moriyarta. Ta haka satar da ya yi da safe ita ce ke ba shi ƙarfin ceton ayari da yamma. Akwai masu cewa wannan ciniki yana fitar da mutum daga cikin jarumi ya mayar da shi marubuci, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ni na fi son a tsaya na daƙiƙa goma a yi shawara da a yi wata guda ana jin haushin juna.

Dayis ɗinsa huɗu ne, masu alamar ƙari da ragi da fuskar da ba komai, amma ba dole ku saya ba. Dayis ɗin ludo da ake samu a kasuwar Taminus ya isa: 1 da 2 ragi, 3 da 4 ba komai, 5 da 6 ƙari. Ba a sa kuɗi a wasan, kuma yana da kyau a bayyana wa iyaye haka tun farko domin kada a zaci caca ce.

Sai maganar masu damfara, wadda ita ce ta fi damuna. Kamfanin da kansa ya saki Fate Core na karantawa a waya ko kwamfuta bisa tsarin ka biya abin da ka ga dama, ko da sifili ne, haka ma ƙaninsa Fate Accelerated mai kimanin shafi 50. Duk da haka na ga wani yana tallarsa a WhatsApp da tsada, har yana cewa saura kwafi kaɗan, alhali fayil ba ya ƙarewa. Ƙa'idojin Pathfinder ma kyauta suke a shafin Archives of Nethys, na farkon shiga Dungeons & Dragons kuma kyauta ne a D&D Beyond. Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga Dungeons & Dragons, ba sa sayar da manyan littattafan bugu na biyar a matsayin PDF, don haka duk wanda ya ce zai tura muku shi a kan kuɗi, kayan sata ne yake sayarwa, kuma irin waɗannan fayiloli sukan zo da shafuka a ɓace ko da manhajar cutar da waya.

Littattafan takarda ma akwai jabu. Wani abokin wasanmu ya biya kuɗi gaba ɗaya ga wani mai talla a intanet, aka aiko masa da littafi ta tasha, ya buɗe ya tarar da hotuna dishi-dishi, rubutu ya karkace, tsakiyar littafin kuma babu wani babi sukutum, mai tallar ya kashe layinsa. Kafin ku tura ko naira ɗaya, ku nemi bidiyon da ake buɗe littafin shafi bayan shafi, tare da takardar da aka rubuta sunanku da kwanan wata a gefensa. Ku duba lambar ISBN da ke bayansa ku gwada ta da wadda ke shafin kamfanin, ku dubi ɗinkin gindinsa, domin jabu manne shi ake yi da gam mai saurin saki. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na kamfanin, bayan an san akwai kuɗin jirgi a kai, alamar matsala ce. Ku kuma yi hattara da littattafan da ba a san marubucinsu ba, masu ɗauke da sunan sanannen wasa a bango amma cikinsu tarkacen rubutu ne da ba ya haɗuwa. Idan ayarinku sabo ne, ku sauke Fate Accelerated daga shafin kamfanin, ku kai shagon buga takardu da ke kusa da jami'a a hanyar Bauchi a buga muku kwafin da za ku ajiye a tebur, ku gwada shi na 'yan makonni kafin ku yanke shawarar yin odar babban littafin.