Sharhi kan hutun ma'aurata a jirgin ruwa mai ƙyalle da wani kamfanin Kano yake sayarwa

Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke cikin birnin Kano, wanda 'yan kasuwar Kantin Kwari suka fi saninsa da nema musu bizar Turkiyya da tikitin zuwa sarin kaya a unguwar Laleli ta Istanbul, ya fito da wata sabuwar haja da ya kira hutun ma'aurata. Tsarin shi ne miji da mata su tashi daga Abuja zuwa Istanbul, su canza jirgi zuwa Dalaman a kudu maso yammacin ƙasar, daga nan mota ta kai su ƙaramin garin Gocek da ke bakin Bahar Rum, inda za su hau jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska su zauna a cikinsa daga Asabar zuwa Asabar, kamar yadda aka saba a hayar irin waɗannan jirage. Kuɗin, wanda da dala ake biyansa, ya haɗa da abinci da mai da ladan matuƙa, da kuma abin da takardar tallan ta kira koyon tuƙi. Ni da maigidana mun sayi wannan haja a ƙarshen damina. Hukuncina shi ne abin da ake samu a kan ruwa ya ci kuɗinsa har da ƙari, amma yadda ake sayar da shi a Kano yana da aibin da ya wuce rashin iya magana, domin ya shafi rai.

Ma'aikacin da ya karɓe mu a ofis mutum ne mai fara'a, kuma a harkar biza da tikiti ba shi da makusa, don takardunmu sun fito a kan lokaci. Sai dai tun daga gaisuwa har zuwa sa hannu, maigidana yake fuskanta. "Ranka ya daɗe, kai za a koya wa tuƙi, Hajiya kuwa hutawarta za ta yi, ta yi ta ɗaukar hotuna," in ji shi. Fom ɗin ma haka aka tsara shi: gurbi ɗaya na ɗalibi, gurbi ɗaya na mai rakiya. Da na ce ni ma ina son a koya mini, sai ya yi murmushi ya ce ai aikin ƙarfi ne, bai dace da ni ba. Ya kuma shaida mana cewa za mu tarar da kyaftin da matarsa mai dafa abinci. Bai ambaci rigar kariya daga nutsewa ba, bai tambaye mu ko mun iya ninƙaya ba, alhali yana magana ne da mutanen da iyakar saninsu da ruwa madatsar Tiga ce da ta Challawa, waɗanda kuma ba su manta da hatsarin kwale-kwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya da dama.

Jirgin da muka tarar tsawonsa ya kai kimanin mita 12, yana da ƙananan ɗakunan kwana uku, da banɗaki mai famfon hannu, da murhun gas wanda aka rataye shi yadda zai riƙa lilo don kada tukunya ta kife idan jirgi ya karkata. Komai tsaf, kowace igiya a nannaɗe a mazauninta. Masu jirgin Turkawa ne, miji da mata da suka manyanta, kuma dukansu biyu suna da lasisin tuƙi. Matar da aka ce mana kuku ce, ita take fitar da jirgin daga tasha ta kuma mayar da shi da baya cikin ɗan tsukin da ke tsakanin jirage biyu, wanda shi ne aiki mafi wuya a harkar, mijin kuwa shi ke kula da inji da anka, wato ƙarfen da ake saki zuwa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi, kuma yawancin girkin ma shi ya yi.

Tun daren farko ta ajiye fom ɗin kamfanin gefe, ta ce a jirginta duk wanda ya hau sai ya koyi abin da zai ceci ɗan'uwansa. Hujjarta ba ta da wuyar ganewa. Da yawa daga cikin masu yawo a irin waɗannan jirage miji da mata ne su kaɗai, kuma wanda ya fi zirga-zirga a saman jirgi lokacin da iska ta tsananta shi ya fi kusa da faɗawa ruwa, ko kuma sandar da ke riƙe da gindin ƙyalle ta wulwulo ta buge shi a ka. Idan miji ne kaɗai ya san tuƙi kuma shi ne ya faɗa, to, jirgin zai ci gaba da tafiyarsa da matar a ciki, kuma cikin 'yan mintuna kan mutum yake ɓacewa a tsakanin igiyoyin ruwa. Saboda haka wanda ya fi buƙatar darasin shi ne wanda kamfanin Kano ya rubuta a gurbin mai rakiya.

Ta gwada mini wannan a aikace. Muna cikin tafiya da rana, iskar la'asar ta fara kaɗawa kamar yadda take yi a wannan gaɓar, sai ta ɗaure bokiti a jikin ɗaya daga cikin robobin da ake kare gefen jirgi da su, ta wurga cikin teku, ta ce wa maigidana ya sauka cikin ɗakin jirgin ya zauna, a ɗauka shi ne ya faɗa ruwa. Ta tsaya a bayana ta naɗe hannuwa. Sai da na jefa zoben ceto, na danna maɓallin da ke adana wurin a na'urar taswira, na saki igiyar ƙyalle, na leƙa na tabbatar babu igiyar da ke ja a ruwa kafin in tayar da inji don kada ta naɗe farfela, sannan na zagayo na tunkari robar ina fuskantar iska, na cire giya kafin in iso gare ta. Duk wannan idona bai bar robar ba, wadda daga nesa ba ta fi ƙwarya girma ba. Bayan nan ta miƙo mini oba-obar jirgin, a kashe, ta sa na maimaita kiran neman agaji da ake yi a tasha ta 16: a faɗi Mayday sau uku, sannan sunan jirgi, da inda yake, da abin da ya faru, da yawan mutanen da ke ciki.

Wajen kafa anka ne mutum zai ga halin ma'auratan teku a fili. Lungunan Gocek suna da zurfi har kusa da gaɓa, don haka akan saki anka daga nesa, a yi baya, sannan a kai doguwar igiya a ɗaure a tudu. Kowace yamma muna kallon jiragen maƙwabta, kuma sau da yawa abu ɗaya ne: miji a tsaye a sitiyari, inda yatsa biyu ma sun isa, mata a can gaba tana kokawa da sarƙa, shi kuma yana ɗaga mata murya cikin harshen da ba ma ji amma mun fahimci ma'anarsa. Malamarmu ta juya tsarin. Ni a sitiyari, maigida a wajen sarƙa da igiya, kuma ba da baki ake magana ba, da alamun hannu ne waɗanda aka yi yarjejeniya a kansu tun kafin a shiga lungu. Ba zan ce abin ya yi wa maigidana daɗi da farko ba. Mutumin da ya saba da yaran shago suna jiran umarninsa, ga shi yana jiran matarsa ta dunƙule hannu kafin ya tsayar da sarƙa, a gaban baƙi. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne ƙa'idar da mijin malamar ya faɗa masa, cewa umarni na wanda ke riƙe da sitiyari ne a wannan lokacin kawai, kuma gobe za a yi musanya. Ya kuma ga dattijon da kansa yana bin alamar hannun matarsa ba tare da girmansa ya ragu ba.

Batun ƙarfi da ma'aikacin ofis ya kafa hujja da shi ba ya tsayuwa, don igiyoyin ƙyalle da ƙarfen naɗi mai hannu ake jan su, anka kuma injin lantarki ke ɗaga ta. Tun a 1978 Krystyna Chojnowska-Liskiewicz 'yar ƙasar Poland ta kammala zagaya duniya ita kaɗai a jirgin ruwa mai ƙyalle, Kay Cottee ta Ostareliya ta yi hakan a 1988 ba tare da ta yada zango ba, sannan a watan Afrilun 2023 Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta lashe gasar Golden Globe ta tseren zagaya duniya a irin wannan jirgi mutum shi kaɗai, bayan ta karkata daga hanyarta ta tsamo wani abokin takararta, Tapio Lehtinen, wanda jirginsa ya nutse a tekun Indiya.

Akwai abubuwan da ya kamata kamfanin ya faɗa wa mace Musulma tun a Kano, bai faɗa ba. Dogon hijabi da mayafi mai jan ƙasa hatsari ne a kusa da ƙarfen naɗin igiya, don haka a tafi da gajeren hijabi wanda za a cusa cikin rigar kariya, da doguwar riga mara faɗi da wando. Ruwan tanki ƙayyadadde ne, alwala sai da tattali. Jirgin da ke kan anka kaɗai yana juyawa da iska, saboda haka a duba alƙibla a kamfas dab da kabbara. Sirri kuwa kaɗan ne, bangon ɗakunan siririn katako ne, ko da yake kasancewar mace ce ke koyarwa ya rage mini takura ƙwarai. Abincin halal ne kuma mai tsabta, sai dai zaitun da cuku da tumatir kowace safiya suna gundurar Bakano, a tafi da yaji. Mai saurin jiri ya nemi shawarar likita kan magani kafin tafiya.

Ina ba da shawarar wannan tafiya ga ma'auratan da suke da hali kuma suka yarda su yi aiki tare, daga watan Mayu zuwa Oktoba, ko da yake Yuli da Agusta suna da zafi da cunkoso. Amma kada a biya ko sisi sai an ga sunan miji da na mata duka a gurbin ɗalibi, a rubuce, domin takardar shaidar halartar horo da sunan da kamfanin ya tura ake buga ta. Ta maigidana ta iso Kano tuni. Tawa kuwa, duk da cewa malamar ta rubuta wa kamfanin cewa na yi duk darussan da ya yi, ma'aikacin ya ce sai an sake cika fom an kuma biya kuɗin gyara, kuma har yanzu muna kan wannan magana da shi.