Kaset ɗin Neo Geo MVS: wanne za ka saya, kuma littafin jagora ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya shiga harkar tara tsofaffin kaset na injinan gem ɗin da ake jefa wa kwabo, ko ba daɗe ko ba jima zai tsaya a kan Neo Geo MVS. Kamfanin SNK na birnin Osaka a Japan ne ya fito da shi a 1990, da dabarar da ta ja hankalin masu gidajen gem a lokacin: maimakon kowane wasa ya ci akwati guda, sai a samu akwati ɗaya mai ramin kaset ɗaya, ko biyu, ko huɗu, har shida, in wasa ya daina kawo ciniki a zare shi a sa wani. Haka aka yi ta fitar da wasanni kusan 150, har zuwa Samurai Shodown V Special a 2004. Shekara 14 ke nan inji ɗaya yana aiki, shi ya sa kaset ɗinsa suka bazu a duniya, shi ya sa kuma 'yan jabu suka yi masa caa.

Akwai wasu injinan masu kaset, amma ba zan daɗe a kansu ba. CPS-2 na Capcom, wanda ya fito a 1993 da Super Street Fighter II, wasanninsa na da daɗi, sai dai kowane kaset ƙato ne, kuma yana da batir a ciki wanda in ya mutu wasan ya kulle sai an nemo gwanin da zai farfaɗo da shi. Atomiswave na Sammy, na 2003, wasanninsa ba su da yawa. AES kuwa, wato Neo Geo na gida, wanda aka sayar a Amurka a kan dala 649.99 a 1991, yau ya zama fagen masu hannu da shuni. Kaset ɗin Metal Slug na AES kaɗai ana maganar dubban daloli, alhali wasan da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin na MVS.

Ni dai zaɓina ɗaya ne: kaset ɗin MVS na ainihi, tsirara, babu kwali babu ado, da tsohuwar sitikarsa ko da ta koɗe. Ka ɗauke shi a hannu ka ji nauyinsa. Girmansa ya zarce na kaset ɗin bidiyo, a cikinsa akwai fanel biyu, wato allunan da aka dasa wa kayan lantarki, ɗaya ana kiransa PROG ɗaya CHA, kowane da layin haƙoransa na zinare da ke shiga ramin inji. An yi shi ne don ya kwana ya wuni yana aiki a gidan gem cikin hayaƙin sigari da zafi, don haka ba ya saurin lalacewa. Sau da yawa kaset da ya ƙi tashi, ko yake nuna zane-zane a tsaye a kan hoto, ba abin da yake so illa a goge masa haƙora da auduga da sifirit mai kyau. Ƙarcewar da ke jikin robarsa, da rubutun da wani mai gidan gem ya yi a gefe da alƙalamin maka, da lambar siriyal da aka kankare daga sitika, duk ba sa rage masa komai a wajen wasa. Wannan kankarewar ma tana da tarihi: dillalai ne suke yi a wancan zamani don kada a gano ta inda kaset ya tsallaka daga wata ƙasa zuwa wata ba ta hannun wakilin kamfani ba. In na ga kaset mai irin wannan tabon, hankalina ya fi kwanciya da shi a kan wanda ke ƙyalli kamar jiya aka fito da shi.

Kaset mai wasanni 161 a ciki, wannan rawayan da ake yi a Chana, araha ne, amma wasannin da yawa maimaici ne, wasu kuma an taɓa su. Irin su NeoSD da ake loda wa wasa ta katin memori suna aiki lafiya ga wanda wasa kawai yake so, amma wannan ba tara kaset ba ne.

Sai maganar littafin jagora, wadda a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, kaset ɗin MVS tun asali bai zo da ɗan littafi irin na gem ɗin gida ba. Wanda aka yi wa shi ɗan kasuwa ne, ba yaro a falo ba. Abin da ke zuwa a cikin kwalinsa mai ruwan ƙasa shi ne ɗan ƙaramin hoton wasan da ake saƙalawa a goshin akwati wuta ta haska shi, da sitikun da ke nuna yadda ake danna maɓallai, da takardar talla, da takardar da ke nuna wa mai gidan gem yadda zai saita wahalar wasa da yawan kwabo. AES ne ke da akwatin roba da littafi mai shafuka. Saboda haka duk wani ɗan littafi mai launi da ka gani an haɗa da kaset ɗin MVS, wani ne ya zauna a kwamfuta ya tsara shi ya buga, ko dai ya kwafo na AES, ko ya ƙirƙiro nasa.

Ba ina cewa ba shi da amfani ba. Wasa irin The King of Fighters '98 yana da 'yan dambe sama da 30, kowane da nasa salon bugu, kuma takarda a gefenka mai jerin yadda ake juya sanda da danna maɓalli tana da daɗin riƙewa fiye da leƙa waya ana tsakiyar wasa. Haka wasan dambe na Garou na 1999. A irin waɗannan, in ka samu littafin da aka buga a takarda mai kauri, rubutunsa ya fito tas, kuma mai shi ya rubuta a bayansa cewa sabon bugu ne, saye shi a farashin takarda da tawada. Amma Metal Slug, me littafi zai koya maka? Ka harba, ka yi tsalle, ka jefa bam. Akwatunan roba da ake yi wa kaset ɗin MVS ma sun fi littafin amfani, don suna tare ƙura, kuma duk wanda ya ga abin da hunturu ke yi wa kayan lantarki a gidajenmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ninka wa kaset kuɗi don an sa masa sabon akwati da littafi. Ranar da ka tashi sayarwa, wanda ya san harkar ba zai ƙara maka ko sisi a kansu ba.

Kuma a bayan wannan adon ne 'yan damfara suke ɓuya. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo mini Metal Slug X a cikin akwati mai kyau, da littafi mai sheƙi, da sabuwar sitika da ya ce ya sa ne don tsohuwar ta yage. Hotunan tallarsa duk na akwati da littafi ne. Da na kwance sukurorin na buɗe, sai na tarar da fanel sirara, dalma ta yi tsibi-tsibi a ƙafafun aisi (wato baƙaƙen ƙwayoyin lantarkin da ke ɗauke da wasan), waya biyu an ja su da hannu daga wannan gefe zuwa wancan, babu tambarin SNK a ko'ina. Kyan ɗan maciji ke nan. Tun daga nan duk kaset da aka yi masa kwalliya sosai sai na ƙara sa masa ido.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce wa mai kaya ya buɗe kaset ɗin ya ɗauko maka hoton fanel biyun, gaba da baya, da wata 'yar takarda mai kwanan watan ranar a gefe, don kada ya ɗauko hoton wani ya turo maka. In ya ce yana tsoron buɗewa kada sitika ta yage, ba hujja ba ce, don ana buɗe shi a hankali ta gefen haƙora a bar sitikar ta zama kamar gindin littafi. In ya ƙi, ka bar masa kayansa. A hoton, ka nemi sunan SNK a jikin fanel. Sannan ka duba manyan aisi ɗin: kowane wasa yana da lambarsa da aka buga a kansu tun daga masana'anta. Metal Slug 201 ne, don haka za ka ga 201-P1, 201-C1 da sauransu. Metal Slug X 250. Metal Slug 3 kuma 256. The King of Fighters '98 shi ne 242. In lambar ba ta dace da sunan da ke kan sitika ba, ko ka ga aisi duk masu 'yar taga ta gilashi a tsakiya an liƙe da takarda, ko wani baƙin ɗigo kamar kwalta a madadin aisi, to jabu ne. Guda ɗaya mai taga a cikin sauran na ainihi yana iya zama gyara, amma ba jere guda ba.

Akwai kuma wata zambar da ta fi wannan wayo. Sai a samo kaset na ainihi na wani wasa mai araha, a ciccire aisi ɗinsa, a dasa na wasa mai tsada, fanel yana nan da tambarin SNK ɗinsa. Irin wannan sai ka ƙura wa dalmar ido: ta masana'anta a jere take sumul, ta hannu kuwa tana barin dabbare-dabbaren ruwan ƙasa a gefen ƙafafu. Wasannin ƙarshe-ƙarshe, irin su Metal Slug 5 da The King of Fighters 2003, jabunsu sun cika kasuwa, don haka su ne za ka fi tsananta wa bincike. Illar jabu ba ta tsaya a asarar kuɗi ba: da yawansu an yi su da aisi masu cin wuta bolt 3.3, injin kuma 5 yake bayarwa, ga fanel da kaurinsa bai dace da ramin ba, yana sassauta haƙoran inji a hankali.

Kuɗin da za ka kashe a littattafai biyar, gara ka haɗa su ka sayi injin da za ka gwada kaset ɗin a kai, irin MV-1FZ ko MV-1C masu rami ɗaya. In ya iso, ka fara duba batirin da ke jikinsa, don tsofaffin suna zubar da ruwa su ci layukan fanel. In kuma na'urar ba shi wuta daga Japan ta zo, ka karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin ka jona, don wutarsu bolt 100 ce, tamu ta haura 200.