Firimitif ko fayil na s: wanne za ka ɗauka in kana zana bulon LEGO a LDraw?

Ɗan'uwa, ka tambaya: kana zana sabon bulo a LDraw, tsarin zana bulon LEGO a kwamfuta da layukan rubutu, siffa ɗaya tana ta maimaituwa, shin ka ɗauko ta daga jakar p ko ka yi mata fayil naka a jakar parts/s? Duka biyun da layi mai farawa da lamba 1 ake kiransu, wato layin da ke jawo wani fayil cikin naka, shi ya sa suke kama da juna a ido, amma aikinsu daban ne.

Firimitif, wato ƙaramar siffa shiryayya da ke jakar p, na kowa da kowa ne. Ƙullutun saman bulo shi ne stud.dat, bututun ƙarƙashi stud4.dat, silinda 4-4cyli.dat, akwati mai buɗaɗɗen gefe ɗaya box5.dat. Awo a nan ba ya canzawa: tsakanin ƙullutu da ƙullutu LDU (ma'aunin LDraw) 20 ne, tsayin bulo 24, na faranti (bulo mara kauri) 8, ƙullutu kuwa faɗinsa 12 tsayinsa 4, kuma LDU ɗaya kusan milimita 0.4 ne. Ga ƙullutu guda a saman bulo:

1 16 10 0 10 1 0 0 0 1 0 0 0 1 stud.dat

Lamba 16 na nufin ya ɗauki launin bulon da ya kira shi. Ka tuna a LDraw sama tana wajen -Y, don haka ƙullutun yana tashi ne daga 0 zuwa -4.

Babbar ribarsa ita ce manhajoji sun san shi da suna. LDView, manhajar kallon zanen LDraw, kan ga 4-4cyli.dat ta musanya shi da silinda mai santsi, ko ta ɗora tambarin LEGO a kan stud.dat. Da ka zana ƙullutun da hannunka, kusurwa uku-uku kawai za ta gani, sai bulonka ya fito da gantsaro-gantsaro a tsakiyar sauran masu sumul.

Fayil na s kuwa na iyali ɗaya ne. Sunansa lambar bulon da s01 a ƙarshe, bayaninsa kuma ya fara da alamar ~ don kada ya shiga jerin da mai gini ke zaɓa. A wuri biyu yake da amfani sosai. Na farko bulo mai zane: ka yi gangar jikin sau ɗaya ba tare da fuskar da za a yi wa ado ba, kowane zane ya kira ta ya ƙara tasa fuskar. In an gano kuskure a jikin, gyara ɗaya ya wadatar. Na biyu siffa mai ɓari biyu iri ɗaya: ka zana rabi, ka kira shi sau biyu, na biyun da -1 a X don ya juya kamar a madubi.

A nan ne mutane ke tuntuɓe. In akwai stud.dat cikin rabin da ka juya, tambarin zai fito a birkice kamar a madubi. Ka bar ƙullutai a babban fayil.

Firimitif ma yana da nasa tarkon. Silinda an yi ta ne da radiyas 1 da tsayi 1 don ka miƙa ta yadda kake so, amma stud.dat ba a miƙa shi. Da'irar jakar p kashi 16 ce, ta p/48 kashi 48. Ka haɗa su a baki ɗaya, tsaga za ta bayyana domin kusurwoyinsu ba su dace ba. Haka in kana liƙa zanen hannu da da'ira mai kashi 16, sai ka yi amfani da lambobin kusurwoyinta, kamar 0.9239 da 0.3827, daidai, ban da kintace. Sai kuma rami: silindar da ake kallo ta ciki tana buƙatar 0 BFC INVERTNEXT, umarnin da ke juya fuskarta ciki, a layin da ke samanta, in ba haka ba bangon ramin ya ɓace a manhajar da ke ɓoye bayan fuska.

A ganina ka fara leƙa jakar p tukuna. Abin da ke can, kada ka sake zana shi. Wanda babu, kuma bulonka da 'yan'uwansa kaɗai ke buƙata, ya tafi s. Sabon firimitif kuma kada ka yi gaggawar ƙirƙira: sai siffar ta bayyana a bulo da dama marasa dangantaka, sannan ka miƙa ta Parts Tracker, shafin LDraw na karɓar sababbin fayiloli, masu dubawa su tantance.